Konrod na taɓa kaskon mai a Chevelle 1970: guduma ko sabon kasko?

Sarkin_V8_Houston
Assalamu alaikum jama'a. Masu hannu a tsofaffin motocin Amurka, ku taimaka da shawara. Chevelle Malibu ce ta 1970, da inji 307 (girmansa ke nan a inci kubik) ta fito daga kamfani. Na sauke shi, na ɗora bulok ɗin 350 da aka faɗaɗa silindarsa da 0.030 na inci aka sa masa karanshaf mai tafiyar inci 3.75, wato ya koma 383. Sanda ake haɗa shi ina juya shi da hannu yana tafiya sumul, sai dai a lokacin ba a ɗaura kaskon mai, wato murfin ƙasan inji inda baƙin mai ke taruwa, ba tukuna. Kaskon 350 na asali na wanke na mayar.

Jiya muka tayar. Yana kamawa sai ga ƙara tak-tak-tak daga ƙasa, ta wajen gaba, in ka taka wuta ita ma ta ƙara sauri. Gejin mai na nuna 55 a sanyi, babu hayaƙi. Nan take na kashe. Da na kwanta ƙasa da tocila kuma sai na ga gaban kaskon ya kusa zama a kan kurosmemba, ƙarfen firam ɗin da ya gitta ƙarƙashin inji, da ƙyar katin banki ke shigewa tsakaninsu.

Maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya daɗe a harkar, ya ce guduma ce maganinta. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. A daddaki wannan ne ko a sayi sabo? Kuma kaskon zai fita ba tare da an sauke inji ba?

MaiShayi_Bronx
Wa alaikumus salam. Ni Corolla gare ni, kallo kawai na zo. Amma Alhaji, kuɗin da ka binne a injin nan ai da tuni ka gama katangar filinka na gida.

Baba_Makaniki_Kano
Yaro, da farko kada ka sake murza makullin nan sai ka san abin da ke kuka. Kuma kada ka yanke hukunci da kunne kaɗai, domin ƙarfe na kai ƙara inda ba nan aka yi ta ba. Tafet ma tak-tak yake yi. Da a ce kana da fitilar taimin a hannu lokacin da kuka tayar, da ta raba gardama: fitilar na walƙiya sau ɗaya ne duk juyi biyu na karanshaf. In ƙarar na tafiya daidai da walƙiyar, matsalar a sama take, wajen bawul. In tana ninka walƙiyar, to a ƙasa take. Amma tunda ka riga ka kashe, bar shi a kashe. Cire fulogi duka takwas, sa doguwar sifana a notin fuli, ka juya a hankali, wani ya ɗora tafin hannunsa a jikin botom filet ɗin, wato kaskon. Inda ake taɓawa zai ji shi a hannu.

Injiniya_Zee
Baba ya faɗi gaskiya a kan gwajin hannu. Amma Malam Sarki, lissafin ma kaɗai ya isa ya sa a zargi kaskon. Tafiyar fistin a 350 inci 3.48 ce, taka yanzu 3.75. Bambancin 0.27 ne, rabinsa 0.135, wato kowane konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, yana leƙowa waje da kusan milimita 3.4 fiye da yadda aka tsara kaskon ya ɗauka. Kuma ba jikin konrod ɗin ne ke fara taɓawa ba, notinsa ne.

Wurare uku ake dubawa a irin wannan haɗin: gefen bulok inda kasko ke zama da gindin silinda, sai kamshaf (konrod na 2 da na 6 su suka fi kusantarsa, shi ya sa wasu ke sa kam mai siririn gindi), sai shi kansa kaskon, musamman ɓangaren gaba mara zurfi. Masu haɗa inji sukan bar tazarar aƙalla 0.060 na inci, kusan milimita ɗaya da rabi, tsakanin duk abin da ke juyawa da duk abin da ke tsaye. Dalili kuwa, abin da ya wuce da ƙyar sanda kake juyawa da hannu ba lallai ya wuce ba in inji ya yi zafi yana juyi 5,500 a minti, saboda ƙarfe na buɗewa, karanshaf ma na ɗan lanƙwasa.

Wane irin konrod aka sa maka? Masu noti ne ko waɗanda ake ɗaurewa da bol ta ƙasa? Kuma an gurje bulok ɗin?

Sarkin_V8_Houston
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Injiniya, konrod ɗin na asali ne masu tsawon inci 5.7, masu noti, an dai canza musu bol masu ƙarfi. Bulok kam an gurje shi a shagon da suka yi borin, da idona na ga wuraren. Mun yi gwajin Baba ɗazu da ɗana. Ya ce yana jin abu na shafar kaskon ta gaba, ɓangaren fasinja, sau ɗaya duk zagaye.

Dan_Panteka
To ai magana ta ƙare. Oga, kada kowa ya sa ka kashe dala a banza. Kaskon asali ƙarfe ne mai laushi, yana jin guduma. Ga yadda ake yi. Ka cire shi ka wanke tas, wurin da aka taɓa zai nuna kansa, za ka ga ɗan layi yana ƙyalli kamar an goga sanfefa. In bai fito sosai ba, shafa maka baƙa a cikin kaskon, ka mayar da shi da noti huɗu na kusurwa, ka juya inji zagaye biyu, ka sake cirewa.

Sannan ka sami katako mai kauri ka ɗan fafe rami a jikinsa, ko buhun yashi. Ɗora wurin a kan ramin, ka riƙa bugawa daga ciki da guduma mai zagayen kai, kaɗan-kaɗan, daga tsakiya kana faɗaɗawa. Ba dukan huce haushi ba. Abin da za ka kiyaye shi ne leɓen kaskon, inda gasket ke kwanciya. In ya karkace, yoyo har abada. Bayan ka gama ka ɗora rula ta ƙarfe a leɓen ka haska tocila ta baya, in haske na wucewa ka daidaita. Ramukan noti ma duba su, yawanci sun tasa sama saboda ɗaurin ganganci na shekaru, a mayar da su daidai.

Na yi wa motoci da yawa irin wannan, ko da yake ba Chevelle ba. Ƙarfe dai ƙarfe ne.

Injiniya_Zee
Dan_Panteka, ban ƙi ta taka ba, a Amurkar ma haka ake yi tun da aka fara sa karanshaf ɗin 400 a bulok ɗin 350. Amma ka koma saƙonsa na farko. Matsala biyu ya kawo, kuma suna jan juna. Konrod na so a tura kaskon waje, wato ƙasa. Kurosmemba kuma na so a tura shi ciki, wato sama. Duka biyun a ɓangare guda suke, gaban kaskon. In ya bubbugo milimita uku waje a inda katin banki ke shiga da ƙyar, ya ɗora kaskon kan firam ke nan. Daga nan duk girgizar inji a jikin kaskon za ta ƙare, wata rana ya tsage. Sai an fara sanin me ya sa injin ya zauna ƙasa haka.

Bakatsine_Ohio
Yawwa, nan nake jira a zo. Ina da El Camino ta 1971, firam ɗinsu ɗaya da Chevelle ta gaba. Sarki, wane sit ɗin inji ka sa?

A motocin nan na 1968 zuwa 1972, sit iri biyu ne. Masu 307 ƙafar da ke jikin firam ta fi tsawo, robar da ke jikin inji kuma gajera ce mai faɗi. Masu 350 da manyan injuna ƙafar firam gajera ce, robar doguwa mai ɗan matsi. Kowanne in an haɗa shi da ɗan'uwansa, inji na zama daidai. Amma in wani a baya ya canza ƙafar firam zuwa ta 350 aka bar gajeriyar roba, dogon notin zai shiga lafiya lau, kai kana ganin komai ya yi, alhali inji ya sauka. Alamar ita ce za ka ga sarari a gefe da gefe tsakanin robar da ƙafar, har mutane na cusa wasa.

Na biyu, mota ce mai shekara hamsin da ɗoriya. Roba na mutuwa ta lotse. Na uku, shi kansa kurosmemba ɗin waɗannan motoci yana lotsawa da tsufa, ko kuma a lanƙwasa shi da jak. Duba ƙasansa, in ka ga ya loɓa a tsakiya to an sha ɗaga motar ta nan ba tare da katako ba.

Sarkin_V8_Houston
Tsohuwar robar da ke jikin 307 ɗin na mayar, don na ga ba ta tsage ba. Ƙafar firam ban taɓa ta ba. Yanzu na leƙa, babu sarari a gefe, sun kama juna daidai. Amma robar ɓangaren fasinja ta kumburo ta gefe, ta yi laushi, baƙin mai ya jiƙa ta.

Bakatsine_Ohio
Ita ce. Ɓangaren fasinja shi ke shan danniya, domin in ka taka wuta inji na murɗawa ne ya ɗaga ɓangaren direba ya danne na fasinja. Sayi sabuwa ta 307, gajera mai faɗi, biyu, kada ka canza ɗaya ka bar ɗaya. Za ka iya samun tazarar da kake nema daga nan kawai.

Abu_Haidar77
Ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. 2020 ta wuce ana ta fama da kafireto da gasket ɗin kwalaba. Je yadin tsofaffin motoci ka ciro injin 5.3 LS, wato V8 ɗin GM na baya-bayan nan, daga Silverado, ka ɗora, ka huta. Ga ƙarfi, ga rashin shan mai, ga ba ya yoyo.

Gwanin_Nova66
Abu Haidar, ka taɓa ɗora LS a irin wannan firam ɗin kuwa? Wanda ya yi ba zai ce "ka huta" ba. Matsalar kasko a can ta fi wannan. Kaskon Silverado zurfi gare shi, a Chevelle yana leƙowa ƙasa da kurosmemba sosai, shi zai fara gaisawa da duk tudun da ke kan titi, ga shi alminiyom ne, ba ya loɓawa, fashewa yake. Na Camaro 1998 zuwa 2002 bai kai shi zurfi ba, amma rijiyarsa, wato ɓangaren mai zurfi inda mai ke taruwa, ta miƙo gaba har tana cin karo da kurosmemba. Sitiyarin Chevelle kuma ta gaban kurosmemba yake, don haka in ka karya kan mota har ƙarshe tayarod na ciki na iya gogar gaban kaskon. Shi ya sa kamfanin Holley suka fitar da kaskonsu mai lamba 302-1, daga baya suka kawo 302-2 mai ƙarin sarari ta gaba. Kuɗi ne za ka sake zubawa.

Mu masu Nova ta 1962 zuwa 1967 namu ma daban ne. Sandunan sitiyari ta baya suke bi, daidai inda rijiyar kaskon Chevy ta saba zama, don haka kamfani ya mayar da rijiyar gaba. In ka ɗauko kaskon Chevelle ka ce za ka sa a tawa, ko zama inji ba zai yi ba. Kowace mota da inda aka bar wa kasko wuri.

Abu_Haidar77
Na ji. Amma dai har yanzu LS ya fi.

Baba_Makaniki_Kano
Maganar leƙowa ƙasa da Gwani ya yi, ku riƙe ta. Zamanin da Fijo 504 ke tashe, motar da za ta shiga ƙauye sai mun tabbatar akwai farantin kariya a ƙarƙashinta, don dutse ɗaya ya isa ya zubar da baƙin mai gaba ɗaya, direba bai sani ba sai inji ya buga. Ƙa'idata ba ta canza ba: in ka durƙusa ta gaban mota, firam ya kamata ka fara gani, ba botom filet ba. Ku da ke can titinku sumul ne, amma na san akwai tudun rage gudu a bakin manyan kantuna, kuma ku samarin nan ba kwa barin mota a tsayinta, sai kun sassauke ta.

Malam_Admin
Jama'a a dawo kan tambayar bawan Allah. Masu son muhawarar LS su buɗe nasu zaren. Har yanzu ba a ba shi amsar ko kaskon zai fita a cikin mota ba.

Bakatsine_Ohio
Zai fita, amma sai an ɗaga inji. Cire batir. Cire murfin distiributa, in ba haka ba zai daki bangon da ke bayan inji ya fashe. Kwance rumfar fanka ka rataye ta a kan fankar, ka lura da tiyon lagireto kada ya ja. Sauke kik. In salansarka na da bututun da ya gitta ƙarƙashin kasko, shi ma sai ya sauka. Zare dogayen notin sit guda biyu, ka ɗaga injin, da ƙugiya ta sama ya fi, ka cusa katako tsakanin roba da ƙafar firam ta kowane gefe don kada ya dawo kan hannunka. Tunda za ka canza robar ma, aiki ɗaya ne.

Sirrin da ke hana mutane zagi shi ne ka juya karanshaf har alamar taimin da ke jikin fuli ta kalli ƙasa, daidai ƙarfe 6 na agogo. A nan nauyin gaba na karanshaf ke komawa sama, bakin kaskon ya sami hanyar zamewa baya. Noti 18 ne, 14 ƙanana, 4 na kusurwa sun fi girma. Kuma don Allah kada a sa jak a ƙarƙashin kasko a ɗaga inji da shi. Rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta na nan dab da gindin, ana loɓa shi an toshe ta.

Injiniya_Zee
Duk daidai ne, amma ni da tawa ce sauke injin zan yi. Sabon inji ne, ƙarfe ya ci ƙarfe a cikinsa, kuma za a sa kasko a cire ba sau ɗaya ba kafin a gama gwaji. A kwance a ƙasa mai na ɗiga a ido ba a auna 0.060. A juya shi a kan maɗori, ciki ya kalli sama, a ga komai.

Dan_Panteka
Hajiya Injiniya, ku da kuke da gareji mai na'urar ɗagawa kuke faɗin haka. Mutumin nan shi da ɗansa ne a ƙofar gida. Minti nawa injin ya yi yana aiki? Ɗan garin ƙarfen da ya fita filta ta kama shi. Ya yanka filtar ya duba takardar, in ya ga ƙyalli mai ruwan jan ƙarfe to metal, wato matasan da karanshaf ke juyawa a kansu, sun ci.

Sarkin_V8_Houston
Ga rahoto. Mun bi hanyar Bakatsine, kaskon ya fita, dabarar ƙarfe 6 ta yi aiki. Layi biyu na samu masu ƙyalli a ciki, ta gaba ɓangaren fasinja, inda bangon kaskon ya lanƙwaso. Ɗaya ya kai tsawon ɗan yatsa, har farce na kama shi, ɗayan shafa ce kawai. Notin konrod guda ɗaya kusurwarsa ta yi haske. Gasket ɗin roba mai guda ɗaya da na sa shi ma an ɗan gatse shi ta ciki daidai wurin. Na yanka filta kamar yadda Dan_Panteka ya ce, na baza takardar a rana, akwai ɗan ƙyalli fari-fari kaɗan, babu ja.

Amma ga wani sabon abu. A gindin rijiyar akwai zagayen tabo, daidai girman rariyar famfo, kamar an buga hatimi. Famfon Melling ne M55HV, rariyar kuma ta tsohon famfon ce aka mayar.

Injiniya_Zee
Alhamdu lillahi da ƙarar nan ta sa ka buɗe, domin wannan tabon ya fi layukan can haɗari. Famfo mai HV, wato mai tura mai da yawa, giyoyinsa sun fi tsawo, don haka jikinsa ya fi sauka ƙasa. In aka sa masa rariyar ƙaramin famfo ba a sake aunawa ba, sai ta je ta kwanta a gindin kasko. A sanyi, inji na tsaye, geji zai nuna maka 55 ka yi murna. Ranar da ka hau babbar hanya famfo ya nemi mai da yawa, sai ya rasa ta inda zai ja, geji ya faɗi, metal su tafi.

Tazarar da ake so tsakanin rariya da gindin kasko inci 1/4 zuwa 3/8 ce, wato wajen milimita 6 zuwa 10. In ta yi ƙasa da haka ta shaƙe, in ta yi sama da yawa kuma ta sha iska a kwana ko in an taka birki da ƙarfi. Awon ba wuya. Rufe bakin rariyar da leda ko tef, ɗora dunƙulen yumɓun wasan yara a kai, shafa ɗan mai a gindin kaskon don kada ya manne, mayar da kaskon tare da gasket ɗin da za ka yi amfani da shi, ɗaure, sake cirewa, soka siririn ƙarfe a yumɓun ka auna kaurinsa. Tare da gasket na ce, saboda na roba da na kwalaba kaurinsu ba ɗaya ba ne. Irin yumɓun nan za ka liƙa a wuraren da konrod ya taɓa bayan an daddaka, ka juya inji, ka ga nawa ya rage.

Dan_Panteka
In ka sami tsayin da ya dace, a ɗiga wa bututun walda a jikin famfo. Cusa shi kawai ake yi, girgiza na iya juya shi ko ta zare shi. Amma kafin wuta ta taɓa, a cire murfin famfon, a zare sifirin ɗin da ke riƙe ƙarfin mai, in ya sha zafi ya mutu. A sauke famfon a yi waldar a kan benci. Kuma duk wanda zai kai wuta jikin kaskon da ya taɓa ɗaukar mai, ya wanke shi da ruwan zafi da omo tukuna, musamman ƙarƙashin farantin da ke ciki inda mai ke maƙalewa.

Gwanin_Nova66
Tunda abin ya kai ga canza rariya, ni sai in ce a sayi kaskon da aka yi don tafiyar 3.75 tare da rariyarsa, irin na Moroso ko Milodon ko Canton, a gaya musu famfon da ke ciki. Amma kafin ka tura kuɗi, duba abu uku a bulok ɗinka.

Sandar gwada mai: bulok na kafin 1980 ɓangaren direba take, daga 1980 ta koma ɓangaren fasinja. Sil ɗin baya: har 1985 mai ɓari biyu ne, daga 1986 ya zama guda ɗaya, kuma kaskonsu ba ya shiga na juna. Sai sil ɗin gaba, wanda ya fi cin mutane: akwai siriri akwai mai kauri. Kifa kaskon, ɗora rula a leɓensa ta gaba, auna zuwa gindin lanƙwasar. In inci 2-1/4 ne siriri, in 2-3/8 ne mai kauri. Na kamfani sun koma mai kauri daga 1975, yawancin na kasuwa ma shi suke bi. Ka sa siriri a inda ake son mai kauri, ka ga mai na bin gaban inji kana zargin sil ɗin fuli.

Zurfi kuma, na asali wajen inci 7 da rabi ne, yana cin kwat 4 (kwat ɗaya kusan lita ɗaya ne), da filta 5. Na kasuwa da yawa 8-1/4 ne, ka tuna maganar Baba. Masu kumatu ta gefe suna ƙara mai ba tare da zurfi ba, amma su kuma sukan yi faɗa da hedas, wato bututan salansa da ke fitowa daga inji, ko kik. Ka auna motarka kafin ka yi oda.

MaiShayi_Bronx
Na ga wani mai walƙiya kamar madubi a intanet, bai kai kuɗin cefanen mako ba. Alhaji saya ka burge 'yan unguwa.

Bakatsine_Ohio
MaiShayi, wa zai kwanta ƙasan mota ya ga walƙiyar? Na taɓa karɓar irinsa daga hannun wani, leɓen a karkace ya zo, ƙarfen siriri, ga santsin kurom ɗin ba ya barin gasket ya kama. Notin juye mai ma ɗiga yake. Araha ba ta ado. Tsohon kaskon kamfani da aka daddaka da hankali ya fi shi sau goma.

Hamza_Mopar
Ina bin zaren shiru tun farko. Tambaya ga Bakatsine: in sabuwar robar ba ta ba da tazarar da ake so ba fa? Na ga wasu na cusa faranti tsakanin bulok da sit su ɗaga injin.

Bakatsine_Ohio
Ana yi, amma kaɗan, kamar inci 1/8 zuwa 1/4. Kana ɗagawa fanka na matsowa saman rumfarta, murfin iska na matsowa bonet, distiributa na matsowa bango, hedas su ma sun tashi. Kusurwar giya da farfela ita ma ta canza, in ta kauce da yawa sai ka ji mota na rawa a babbar hanya. Ni in ɗan yatsana na shiga tsakanin kasko da kurosmemba, na gamsu. Wasu na yanka kurosmemba su yi masa aljihu su toshe da faranti mai kauri, amma a Malibu mai lafiyayyen firam ba zan yi ba.

Kuma tunda 383 ne, ya nemi roba mai ƙugiya a ciki, wadda ko ta rabu inji ba zai tashi ba. Ba wasa ba ne, a ƙarshen 1971 sai da GM ta kira motocin Chevrolet sama da miliyan 6 saboda sit na rabuwa, inji ya ɗago ya ja totur.

Baba_Makaniki_Kano
Duk kun yi magana mai kyau, amma ban ji wanda ya ce a duba notin da ya yi hasken ba. Ya sha duka, ko yaya ne. A sa sifanar awo a tabbatar bai saki ba. In so samu ne a buɗe wannan konrod ɗin a ga fuskar metal, tunda ga shi a buɗe. Kuma wajen mayar da botom filet, hannu biyu ba na notin nan ba ne. Ƙananan ɗauri kaɗan suke so, daga tsakiya a fita waje, a zagaya sau biyu. Yawancin yoyon da ake kawo min, ƙarfin hannu ne ya jawo shi.

Sarkin_V8_Houston
Baba an gama, zan buɗe shi. Sabuwar roba ta iso, mun ɗora, na gwada kaskon haka nan ba gasket: yanzu ɗan yatsana na shiga ta gaba, har da ɗan sarari. Sandar gwada mai ɓangaren direba take, sil ɗin gaba na auna 2-3/8. Na yi oda ta rariyar da aka yi don famfon HV da kasko mai zurfin 7 da rabi. Kaskon kuwa ina jin zan fara gwada gudumar Dan_Panteka, in yumɓu ya nuna 0.060 shi ke nan, in bai nuna ba in sayi na Gwani.

Injiniya_Zee
Layin da ka ce farce na kamawa shi ke damuna. Wurin ya riga ya sirance, kana bugawa yana ƙara miƙewa. Bayan ka gama, zuba kananzir a ciki ka ajiye shi kan kwali ya kwana, ka duba da safe. Ni dai har yanzu sabo zan saya.

Dan_Panteka
In ya tsatsa a ɗiga masa tagulla, aikin minti biyar. Hajiya, kamfanonin nan ba su biya ki kuɗin talla ba fa.

Abu_Haidar77
Kaskon LS ba ya son guduma.

Gwanin_Nova66
Don ba ya jure ta ne, Abu Haidar. Sarki, gasket ɗin da ka ce an gatsa, shi za ka mayar ko sabo? In sabo ne mai ƙarfe a ciki, ɗora shi a bulok shi kaɗai ka juya inji kafin ka sa kasko, wani lokacin sai an ɗan rage shi ta ciki. Kuma akwai farantin hana fantsama a kan notin mein ɗinka, ko wanda ke cikin kaskon ne kawai?